Takalman Bakin Ƙofa

Shekara ashirin da shida Malam ya yi yana koyar da addini a makarantar sakandare, kuma a duk tsawon lokacin nan ba a taɓa yi masa tambayar da ta kwana ba amsa ba. Yaro zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, mene ne hukuncin…" kafin ya rufe baki an yanke masa. Har ta kai yara ba sa kiransa da komai sai Malam Hukunci, a bayan idonsa dai. Ya sani sarai, kuma in za a faɗi gaskiya daɗi yake ji.

Ana nan sai ga takarda daga sama, wai duk malamin da bai kawo sabuwar shaidar koyarwa ba kafin ƙarshen shekara, a fitar da shi daga aji. Shugaban makaranta ya kira shi ofis, ya ba shi kujera, ya yi ta kewaye-kewaye kamar wanda ya zo neman aure, can dai ya fito da maganar. In ba shaida, sito za a mayar da shi, ya riƙa kula da karyayyun kujeru da tsintsiya har ya yi ritaya. Malam ya san wannan sito. Ba shi da taga, kuma mutumin da ke ciki yanzu da kujerun yake hira.

Haka Malam ya ɗauki jakarsa, da furfurarsa da komai, ya shiga ajin ranar Asabar a kwalejin horar da malamai. Duk darussan ya cinye su ba tare da ya yi gumi ba, sai guda ɗaya da ya tsaya masa a maƙogwaro: Nazarin Addini. Abin haushi, fanninsa. Abin da ya fi haushi, mai koyar da darasin wata Dakta ce 'yar siririya mai gilashi, wadda shi da kansa ya koyar tana aji biyu. Ya ma tuna ranar da ya sa ta durƙuso na awa guda saboda ya faɗi hukunci ta ce masa, "Me ya sa?"

Ranar farko ta gaishe shi har da rusunawa a bakin aji, ta tambayi mutanen gida. Da aka shiga ciki kuwa ta ɗauki alli ta rubuta halal, haram, bidi'a, gaskiya, ƙarya, ta ja musu layi.

"Waɗannan kalmomi a ajiye su a bakin ƙofa," in ji ta. "Ba don ba su da amfani ba. Suna da wurinsu, ga Malam nan ya fi ni sanin wurin. Amma ko alƙali sai ya saurari shari'a kafin ya yanke. A nan sauraro za mu koya."

Sannan ta ce masu nazarin addini tabarau suke sawa, ita uku za ta ba su aro. Da na farko a duba yadda abu yake ɗaure jama'a wuri guda. Da na biyu a duba abin da yake yi wa zuciyar mutum ɗaya, wane tsoro ko wane rashi yake lulluɓewa. Na uku kuma na neman mai riƙe da makulli ne, wato wanda ke cewa a taɓa ko kar a taɓa. Malam ya rubuta duka a littafinsa, ya ƙara a ƙasa da ƙananan baƙaƙe: aikin banza.

Jingar farko, ta tura su gidan kallon ƙwallo, su zauna kamar baƙon da bai taɓa ganin ƙwallo ba, su rubuta abin da jama'a ke yi. Malam ya je, ya tsaya a bakin ƙofa minti biyar, ya dawo ya rubuta rabin shafi a kan ɓata lokaci. Ya sami biyu cikin ashirin, kuma ta rubuta da jan biro cewa biyun na kyawun rubutu ne. Jinga ta biyu a kan taron safe na makaranta ce, yadda yara ke jeruwa da yadda ake ɗaga tuta. Ya cika shafi huɗu da nasiha, ya sami huɗu. Da ya yi lissafi ya ga sai ya ci sha huɗu a jingar ƙarshe, in ba haka ba shi da kujeru.

"Ta ƙarshen mai sauƙi ce," in ji Dakta. "Kowa ya nemo abu guda a gidansa ko wurin aikinsa wanda ba a taɓawa, alhali babu littafin da ya hana. Ku yi kwana bakwai kuna kallo, ku rubuta abin da idonku ya gani kawai. Ku yi hira da duk wanda abin ya shafa. Sannan ku sa tabarau."

Nan take wata malamar firamare ta ce ita ta samu, surukarta tana da kwanuka a cikin kabad ɗin gilashi, shekara talatin ba a ci abinci a ciki ba. Wani dogo a baya ya ce zai yi a kan kofin shayin shugabansu. Malam ya gyara murya ya ce shi gidansa a kan dalili yake tafiya, babu irin wannan.

"To a duba dai, Malam," in ji ta.

Ya dawo gida ransa a ɓace. Ya sunkuya zai cire takalminsa a bakin ƙofar falo, sai idonsa ya sauka a kan waɗancan. Baƙaƙe ne, sau-ciki, lamba arba'in da uku, suna nan a gefen hagu ƙarƙashin ƙusar da ake rataye makullai. Takalman Auta ne.

Auta shi ne ƙaramin ɗansu. Shekara huɗu da suka wuce ya shigo gida da kyamara a wuya, ya ce ya bar karatu, ɗaukar hoto zai yi. Malam bai tambaye shi me ya sa ba. Ya faɗi hukuncin hoto, ya kawo hujja uku, ya rufe da cewa ko kyamara ko gidan nan. Auta ya tsaya jim, ya juya ya fita da silifas ɗin banɗaki a ƙafa. Yanzu yana wani gari mai nisa, an ce har shago ya buɗe. Takalman kuma inda ya cire su nan suke.

Malam ya miƙe yana murmushi, abin da ya daɗe bai yi ba. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Ga abin da ba a taɓawa, ga kuma mai abin tana kicin tana wanke tukunya. Dama ya daɗe yana ganin raunin zuciyar matan nan, yau ga shi zai ci maki da shi.

Ya sayi sabon littafi, ya ja layi da rula, ya fara. Matarsa ya sa mata suna "wadda ake nazari".

Rana ta ɗaya: wadda ake nazari ta yi shara da ƙarfe bakwai. Tsintsiya ta zagaye takalman, ba ta taɓa su ba. Rana ta biyu: haka. An lura takalman ba su da ƙura, suna ƙyalli, kawunansu na kallon cikin gida. Rana ta uku: jika ta zo da uwarta, ta zura ƙafa a ciki, aka tsawatar mata, ta yi kuka. Rana ta huɗu: mai gyaran famfo ya ture ɗaya da ƙafa, aka mayar da shi wurinsa, aka yi wa mai famfo magana.

Ran Asabar Dakta ta bi layi tana duba littattafai. Da ta zo kan nasa ta daɗe, har ya fara gyara zama.

"Wannan ya yi kyau, Malam. Wa ya tsawatar wa jikar?"

"An dai tsawatar."

"Wa ya yi wa mai famfo magana?"

"Dakta, ai ba wannan ne muhimmi ba."

"To wa ke goge takalman? Ka rubuta ba ƙura."

"Wannan ai a fili yake. Uwa ce."

"Ka gan ta tana gogewa?"

Malam ya mayar da ido kan littafin. Ita kuma ta zana ƙaramar alamar tambaya a gefen shafin, ta ce ya je ya yi hirar, ta wuce wurin mai kofin shayi.

Washegari da hantsi ya ɗauki littafi da biro ya jawo kujera ƙofar kicin. Matarsa na yankan albasa. Shekara talatin da huɗu suna tare, ba ta taɓa ganin ya zauna a nan ba, amma ta ci gaba da yankanta, don ta daɗe da daina mamakin Malam.

"Tambayoyi zan yi miki na makaranta. Ki faɗi gaskiya, ba za a sa sunanki ba."

"To."

"Tun yaushe kika fara kula da takalman can na bakin ƙofa?"

"Waɗanne? Naka?"

"Na yaron nan."

"Ni ban taɓa kula da su ba."

Ya ɗaga biro. "Kina zagaye su da tsintsiya. Na gani da idona, kwana bakwai."

"Ina zagaye su mana. Ranar da tsintsiya ta taɓa su, ka kwana biyu kana cewa miya ba gishiri. Ni kuwa ba na son fitina."

Malam ya duba tambaya ta biyu, ya ga ba ta da wurin zama, ya tsallake zuwa ta uku. "Me kike jin zai faru in aka ɗauke su?"

"Za su dawo," in ji ta, tana share ido da gefen hannu saboda albasa. "Sau uku ina ɗauke su. Na farko na sa a ƙarƙashin gado. Na biyu na sa a buhun kayan da za a bayar. Na uku har na ba ɗan ƙanwata ya tafi da su, ka bi shi gida da rana tsaka ka ce za su matse shi. Yaron da ke sa arba'in."

"Tsari ne. Ba na son a riƙa watsa kaya."

"Haka ne. Gogewar ma tsari ne. Kullum in ka sunkuya sa naka, sai ka zaro hankici ka bi su, ka juya kawunansu ciki. Ran Alhamis kuma har da man takalmi. Gwangwanin yana bayan littattafanka, na huɗu ke nan."

Bai rubuta ba. Ta juye albasar a tukunya, ta ɗauraye wuƙa, sannan ta juyo ta dube shi, ba faɗa ba dariya.

"Malam, ni duk Lahadi ina magana da ɗana a waya. Na san abin da ya ci, na san ya yi mura wancan watan, na san yarinyar da yake so. Me zan yi da takalmi? Kai ne ba ka da komai sai su."

Ta tambaye shi ko akwai saura, ya ce babu, ya mayar da kujerar inda ya ɗauko ta.

Kwana uku littafin na kan tebur a buɗe. Hanya mai sauƙi tana nan: ya rubuta cewa uwa ce mai gogewa, ya sa mata tabarau na biyu, ya yi bayanin zuciyar mata shafi uku. Wa zai zo ya bincika? Ya fara ma, ya yi layi biyu, sai hannun ya ƙi. Mutumin da ya shekara ashirin da shida yana faɗa wa yara hukuncin ƙarya, ga shi an hana shi rubuta kalmar, amma ba a hana shi saninta ba. Ya yage shafin yana tsaki, haushin Dakta da na matarsa da na mai gyaran famfo duk sun taru masa wuri guda.

Ranar miƙa aiki kowa ya tashi ya karanta nasa. Malamar firamare ta ba da labarin kwanukan surukarta, aka yi ta dariya. Da aka zo kansa ya miƙe, ya riƙe takarda nesa da ido, ya karanta da muryar da yake kiran rajista.

"Abin da ba a taɓawa: takalmi ƙafa biyu. Wuri: bakin ƙofa, hagu. Masu zagaye shi: mutum ɗaya kullum, da baƙi in sun zo. Da tabarau na farko, abin ba ya ɗaure jama'a, sai dai ya sa kowa ya yi shiru a wuri guda, wanda shi ma ɗauri ne. Da tabarau na uku, mai riƙe da makulli namiji ne, shekara hamsin da tara, malamin makaranta. Shi ke gogewa, shi ke tsawatarwa. Shi ne kuma ya kori mai takalman." Ya juya shafi. "Da tabarau na biyu, mutumin yana juya kawunan takalman ciki saboda takalmin da ke kallon ciki na wanda ya shigo ne. In dai suna nan, to yaron bai tafi ba, ya dai fita. Mai bincike yana ganin mutumin kewar ɗansa yake yi, kuma bai san yadda ake janye hukunci ba, don bai taɓa yi ba. Ƙarshe."

Ya zauna. Dogon nan na baya ya fara tafi, ya ga shi kaɗai ne, ya mayar da hannunsa aljihu. Dakta ta cire gilashinta ta goge, ta daɗe tana gogewa, sannan ta kira na gaba.

Bayan an tashi ta miƙa masa takardarsa a ofishinta, wani ɗan ɗaki da fanka mai ƙara. A saman shafi, cikin da'ira, sha uku.

"Dakta, sha huɗu nake nema."

"Na sani, Malam."

"To ina ɗayan ya maƙale?"

Ta nuna masa ƙasan shafi da bakin biro. "Na ce a yi hira da duk wanda abin ya shafa. Ka ji ta bakin mai shara, ka ji ta bakin mai gogewa. Ba ka ji ta bakin mai takalman ba. Bincike bai cika ba."

"Ita mai kwanuka da wa ta yi hira?"

"Da surukarta, shafi biyu. Har ta buɗe mata kabad ɗin."

Malam ya dube ta ta saman takardar. "Ramuwar durƙuson nan ce?"

"A'a wallahi, Malam. Da ramuwa ce sha biyu zan ba ka." Ta jawo wata takardar ta fara dubawa. "Ran Asabar nake miƙa sakamako, ƙarfe goma. A gaida Mama."

Litinin ta wuce, Talata ta wuce. Ran Laraba ya bi ta gaban sito da gangan, ya leƙa. Mutumin ciki ya yi masa maraba da fara'a, ya nuna masa kujerar da ta fi sauran hankali. Ran Alhamis da safe ya tsinci kansa a sunkuye da gwangwanin mai a hannu, matarsa ta wuce da bokiti ta ce masa sannu da tsari. Duk makon nan yana shiga aji, yara na tambaya yana yankewa, amma sau biyu ya ji bakinsa ya ce, "Kai me ka gani?" har yaran suka kalli juna.

Ran Juma'a da la'asar ya zauna a falo, ya buɗe littafi, ya rubuta tambayoyi biyar ya sa musu lamba. Sannan ya kira matarsa.

"Lambar yaron nan nake so. Aikin makaranta ne."

"Na sani," in ji ta. Ta danna da kanta, ta sa masa wayar a hannu, ta koma kicin ta bar ƙofa a buɗe.

Wayar ta yi ƙara sau huɗu. Yana fatan kar a ɗauka, yana kuma tsoron kar a ƙi ɗauka, duka a lokaci guda.

"Mama? Yau ba Lahadi ba ce, lafiya?"

Muryar ta yi kauri. Malam bai shirya wa wannan ba, babu shi a cikin tambayoyin. Ya gyara murya.

"Ba ita ba ce."

Ta cikin wayar yana jin ƙarar motoci a can garin.

"Baba?"

"Tambayoyi zan yi maka na makaranta. Ba za a sa sunanka ba."

"To, Baba."

Ya ɗora yatsa a kan tambaya ta ɗaya. Rubutunsa ne, mai kyan nan da ya ci maki biyu, amma baƙaƙen sun narke, sun ƙi tsayawa. Ya matsar da littafin nesa, ya dawo da shi kusa, duk ɗaya. Ya ɗaga kai, ta ƙofar falo yana hango su a gefen hagu, suna ƙyalli, suna kallon ciki.

"Yaushe za ka zo ka kwashe takalmanka?" ya ce. "Sun tare wa mutane hanya."

Can aka ja numfashi, aka sake ja. "Suna nan, Baba?"

"Ni ke tambaya."

"Gobe akwai motar safe."

Malam ya riƙe wayar da hannu biyu. Daga kicin matarsa ta ce, ba tare da ta leƙo ba, "Ka rubuta amsar, Malam. Kar a rage maka maki."

Ya lalubo biro ya rubuta.